Mutuwar Jarirai a Nijeriya: Magani Na da Araha, Kai Shi Gida Ne Jidali

A al'adar Hausawa ana raɗa wa jariri suna ne idan ya cika kwana bakwai, kuma kafin ranar ta zo maigida kan shiga kasuwa neman rago da goro, mata kuma su shiga hidimar ɗinki da kayan barka. Sai dai ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wannan makon da ake ta shirye-shirye a cikinsa shi ne mafi hatsari a rayuwar ɗan Adam, domin kashi 75 cikin 100 na jariran da ke mutuwa a watansu na farko suna mutuwa ne kafin su cika kwana bakwai. Ke nan galibinsu ba sa kaiwa ga ranar suna.

A shekarar 2022 jarirai miliyan 2.3 ne suka mutu a duniya kafin su cika kwana 28 da haihuwa. Rabon Nijeriya a cikin wannan asara babba ne ƙwarai. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 sun nuna cewa ƙasar ta yi asarar jarirai kimanin 270,000 a shekarar, wato wajen 740 a kowace rana. Indiya ce kaɗai ta fi ta, alhali kuwa Indiya ta ninka Nijeriya yawan jama'a fiye da sau shida.

Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kan gudanar duk bayan 'yan shekaru ya fito da wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. A binciken 2003, yara 201 cikin kowane 1,000 ne ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, amma a binciken 2023 zuwa 2024 adadin ya sauko zuwa 110. Wannan ci gaba ne na a zo a gani, wanda allurar rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari suka taimaka wajen samarwa. To amma mutuwar jarirai 'yan ƙasa da wata ɗaya daga 48 ta sauko zuwa 41 kacal a tsawon shekaru ashirin ɗin, ga shi kuwa ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin sauko da ita zuwa 12 nan da shekarar 2030.

Abubuwan da suka fi kashe jarirai sanannu ne: haihuwa kafin lokaci, da kasa yin numfashi lokacin haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Bincike na shekaru fiye da arba'in ya tabbatar da cewa yawancin abubuwan da ke maganin waɗannan matsaloli ba su da tsada. Amma binciken ya kuma nuna cewa kayan araha ba sa aiki su kaɗai, sai an sami wanda ya ƙware ya kai su inda ake bukata, a kan lokaci, cikin siffar da ba za ta rikita mai amfani da su ba. A nan ne kuɗin yake, kuma a nan ne maganar ta shafi masu masana'antu da dillalan magunguna da masu ɗaukar ma'aikata.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Kafin a shiga bayanin binciken, ya kamata a san irin awon da masana suka yarda da shi. Idan likita ya ba jarirai ɗari magani suka warke, wannan bai isa hujja ba, don mai yiwuwa ne ko da an ƙyale su za su warke. Saboda haka akan tara jarirai ko ƙauyuka masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya sabon abin da ake son gwadawa, ɗaya kashin kuma a ci gaba da yi masa abin da aka saba, daga bisani a ƙirga waɗanda suka rayu a kowane ɓangare. Ƙuri'ar ce ke hana mai bincike tsince masu ƙarfi ya zuba a ɓangaren da yake son ya yi nasara. Manomin da ya raba gonarsa biyu, ya zuba taki a rabi ya bar rabi, irin wannan lissafin yake yi. Galibin alƙaluman da za su biyo baya daga irin wannan gwaji suka fito.

Goyon ƙirji

A shekarar 1978, a wani babban asibitin haihuwa da ke Bogota, babban birnin ƙasar Kolombiya, jarirai bakwaini sun yi wa kwalaben ɗumama jarirai yawa, har ta kai ana haɗa jarirai biyu ko uku a kwalba ɗaya suna shafa wa juna cuta. Wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya ɓullo da dabarar ɗora jaririn a ƙirjin uwarsa, daga shi sai nafkin da hula, fatarsa na taɓa fatarta, a ɗaure shi da zane, yana samun ɗumi daga jikinta da nono a duk lokacin da ya bukata. An yi wa dabarar laƙabi da sunan kangaru, dabbar nan ta ƙasar Ostireliya da ke renon ɗanta a cikin wata jaka da ke jikin cikinta. Goyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, bambancin kawai shi ne wannan a ƙirji ake yin sa, kuma ba a barin tufa ta shiga tsakanin uwa da ɗa.

A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci da tace su, ta haɗa sakamakon bincike 21 da suka ƙunshi jarirai 3,042 marasa nauyi. Ta gano cewa goyon ƙirji ya rage mutuwa da kashi 40 cikin 100, ya rage kamuwa da cututtukan da ake ɗauka a asibiti da kashi 65, sannan ya rage sanyin jiki mai hatsari da kashi 72. Sai dai a kusan duk waɗancan gwaje-gwaje ana jira ne sai jaririn ya farfaɗo a cikin kwalba kafin a miƙa wa uwarsa, alhali kuwa yawancin masu mutuwa tun kafin su farfaɗo suke mutuwa.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wani sabon gwaji a manyan asibitoci biyar na ƙasashen Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, inda aka yi aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Jarirai 3,211 ne suka shiga gwajin, masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Rabinsu an fara yi musu goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, rabin kuma aka bi tsohuwar hanya. Sakamakon da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2021 ya nuna cewa kashi 12 cikin 100 ne suka mutu a rukunin farko, kashi 15.7 kuma a rukuni na biyu. Ma'ana, a cikin kowane jarirai 27 da aka yi wa goyon gaggawa an ceto ran guda. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin tun kafin wa'adinsa ya cika, kuma a watan Nuwamba na 2022 hukumar ta mayar da wannan hanya ta zama ƙa'idarta.

Ana yawan cewa goyon ƙirji kyauta ne, amma mai lissafi ya san ba haka ba ne. A gwajin da aka ambata, jaririn kan yi kusan awa 17 a kowace rana a ƙirjin uwarsa ko na wata 'yar'uwa da ke karɓarta. Kafin hakan ya yiwu sai da asibitocin suka sake fasalin ɗakunan jinyar jarirai, aka shigar da gadon uwa kusa da iskar oksijin da sauran na'urori, aka tanadi banɗaki da wurin wanka da abinci, aka kuma sami masu duba lafiyar ita kanta mai jegon. Ke nan kuɗin ya tashi daga sayen na'ura ya koma gini da albashi da ciyarwa.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Attajirin da ya yi niyyar taimaka wa asibitin garinsu ya fi karkata ga sayen na'ura mai tsada da ido zai gani, amma kwalbar jarirai na bukatar wutar lantarki dare da rana, da kayan gyara, da makanikin da ya san ta. Inda babu waɗannan, cikin 'yan watanni takan zama akwatin ajiya. Wannan ba ya nufin na'ura ba ta da amfani, domin jaririn da huhunsa bai ƙosa ba dole ne ya sami oksijin da abin da zai taimaka masa ya yi numfashi. Abin dubawa shi ne na'urar ta dace da yanayin ƙasa. Farfesa Hippolite Amadi, injiniyan kayan asibiti ɗan Nijeriya da ya daɗe yana farfaɗo da matattun kwalaben jarirai, ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG ta 2023 mai darajar dala 100,000 saboda na'urorin numfashin jarirai da ya ƙera masu aiki da hasken rana.

Man cibiya: daga Nepal zuwa Sakkwato

Cibiyar jariri sabon yanka ƙofa ce a buɗe da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jini. A gidaje da dama akan gasa ta da tsumma mai zafi, ko a shafa mata toka, ko man kaɗanya, ko man goge baki, wasu wuraren har da kashin shanu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne. Saboda haka abin da ungozoma ko kaka ta shafa wa cibiya a ɗaka shi ne ainihin jinyar da yawancin jarirai ke samu.

Akwai wani tsohon maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kulohekzidin, wanda abin da zai ishi jariri ɗaya bai kai dala guda ba. An gwada shafa shi a cibiya a gundumar Sarlahi ta ƙasar Nepal, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2006, sannan aka maimaita a Silhet ta Bangladash da lardin Sindh na Pakistan, aka buga a 2012. Da aka haɗa gwaje-gwajen uku, sai aka ga mutuwar jarirai ta ragu da kimanin kashi 23 cikin 100. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan yara.

Jihar Sakkwato ce ta riga kowa a Nijeriya. A watan Maris na 2013 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin raba man a gidaje, tare da ƙwayar misofurostol mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Da kuɗinta ta sayo kashin farko daga kamfanin Lomus na Nepal, aka horar da 'yan sa-kai 2,440, wato goma-goma a mazaɓu 244 na jihar, da taimakon wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyi. Jihar Bauchi ta bi sahu. Ganin cewa gwamnatoci sun fara saye ya sa kamfanin Drugfield da ke Sango Ota a jihar Ogun ya fara sarrafa man a cikin gida a 2014 da sunan Chlorxy-G, daga baya wasu kamfanonin suka shigo. Wannan misali ne na yadda odar gwamnati guda ɗaya kan buɗe wa masana'anta kasuwa.

Daga nan sai labarin ya ɗauki darussa biyu masu ɗaci. Na farko ya shafi mazubi. A wasu wurare an kawo maganin na ruwa a cikin 'yar kwalba mai kama da ta maganin ɗigawa a ido, iyaye suka ɗiga wa jarirai a ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa tun daga 2015 an sami fiye da mutum 40 da suka ji mummunan rauni a ido, wasu har suka makance, a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara. Maganin bai canja ba, siffar kwalbar da rashin bayani ne suka jawo asarar, kuma wannan nauyi ne da ke wuyan mai sarrafawa da mai shigowa da kaya da mai kemis.

Darasi na biyu daga binciken kansa ya fito. An yi manyan gwaje-gwaje biyu a Afirka, ɗaya a kudancin Zambiya, ɗaya a tsibirin Pemba na Tanzaniya, da jarirai kusan 80,000 a jimlace, aka buga a 2016. Dukansu biyu ba su nuna raguwar mutuwa ba. Masana sun danganta hakan da cewa a waɗancan wurare yawancin haihuwa a asibiti ake yi, kuma mutuwar jarirai ba ta kai ta kudancin Asiya ba. A ƙa'idarta ta 2022 hukumar ta ce a bar cibiya a bushe cikin tsabta, a yi amfani da man ne kawai a inda aka saba shafa abubuwa masu cutarwa. Wannan sharaɗi ya hau kan yankuna da dama na Nijeriya. Amma duk da tsarin da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2016 na kai man ga kashi 52 cikin 100 na jarirai cikin shekaru biyar, binciken 2018 ya nuna kimanin kashi 11 ne suka samu. Masana'anta na nan, kayan na nan, hanyar da za ta kai su ɗakin mai jego ce ba ta kammala ba.

Allura ɗaya, sakamako biyu

Babu abin da ya fito da wannan batu fili kamar labarin allurar dekzametason, wadda ake yi wa mai ciki idan naƙuda ta taso mata kafin lokaci, don huhun jaririn ya yi saurin ƙosawa. Tsohon magani ne mai araha, kuma ya daɗe yana ceton rayuka a ƙasashe masu arziki. Nijeriya na cikin masu tsananin bukatarsa, domin a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 an haifi bakwaini sama da 770,000 a ƙasar, ita ce ta uku a duniya bayan Indiya da Pakistan.

An gwada yaɗa allurar har zuwa ƙananan asibitocin karkara a ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Zambiya, a wani gwaji da ya ƙunshi haihuwa kusan 100,000. Sakamakon da Lancet ta buga a 2015 ya girgiza masana, domin mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi da 3.5 cikin kowane 1,000 a yankunan da aka yaɗa allurar, mata kuma suka ƙara kamuwa da cuta. Babban dalilin da aka gano shi ne ma'aikata ba su da na'urar hoton ciki da za su tabbatar da watannin cikin, saboda haka yawancin matan da aka yi wa allurar ba bakwaini suka haifa ba.

Aka sake gwajin a asibitoci 29 na ƙasashen Bangladash da Indiya da Kenya da Pakistan da Nijeriya, da mata 2,852, amma a wannan karo sai a inda ake iya auna watannin ciki da na'ura, kuma akwai oksijin da sashen kula da jarirai. Sakamakon 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 zuwa kashi 19.6 cikin 100, wato rai guda a cikin kowace mata 25 da aka yi wa allurar. Maganin ɗaya ne, farashinsa ɗaya ne, abin da ke kewaye da shi ne ya raba riba da asara.

Daga Gadciroli zuwa Zariya

To, ina makomar jaririn da aka haifa a ƙauyen da babu babban asibiti? A gundumar Gadciroli ta Indiya, wasu likitoci mata da miji, Abhay Bang da Rani Bang, sun horar da matan ƙauye a ƙauyuka 39 su riƙa ziyartar masu jego, su auna nauyin jariri da zafin jikinsa, su gane alamun cuta, su ba da magani. Da aka kwatanta da wasu ƙauyuka 47 da ba a yi aikin ba, mutuwar jarirai ta ragu da kashi 62 cikin 100 a shekara ta uku, a kan kuɗi dala 5.3 ga kowane jariri, kamar yadda aka buga a 1999. Ba da ƙuri'a aka zaɓi ƙauyukan ba, kuma shirye-shiryen da suka kwaikwayi aikin daga baya ba su kai wannan adadi ba, amma ya kafa hujjar cewa horarriyar mace a cikin unguwa jari ce mai riba.

A da, ƙa'ida ita ce jaririn da ya nuna alamun cuta a jini a kwantar da shi a asibiti a yi masa allurai na kwana bakwai ko fiye. Iyalai da yawa ba sa iya zuwa, saboda kuɗin mota da na gado da barin sana'a. Wani gwaji da aka yi a Kwango da Kenya da garuruwa uku na Nijeriya, wato Ibadan da Ile-Ife da Zariya, wanda aka buga a 2015, ya duba jarirai fiye da 3,500 da iyayensu ba su sami damar kai su babban asibiti ba. An gano cewa allurar jentamaisin ta kwana biyu haɗe da amokzisilin na sha na kwana bakwai sun yi aiki daidai da allurai 14. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi hakan a ƙananan asibitoci idan tafiya babban asibiti ta gagara, ban da jaririn da ya galabaita. Sai dai tsarin ya dogara ne ga samun amokzisilin na gaskiya mai narkewa a ruwa a kan kantar asibitin ƙauye, kuma wannan aikin dillalai ne.

Nonon uwa da haƙƙin ma'aikata

A yankin Kintampo na ƙasar Gana an bi diddigin jarirai kusan 11,000, aka buga sakamakon a 2006. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da kowane jariri zai kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai. Wannan bincike na lura ne, ba na ƙuri'a ba, amma wasu da dama sun goyi bayansa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da a wasu gidajen ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. A 2016 Lancet ta ƙiyasta cewa shayarwa yadda ya kamata za ta ceci yara 823,000 a duniya kowace shekara, kuma rashinta na jawo wa tattalin arzikin duniya asarar dala biliyan 302 a shekara ta fuskar raguwar basira.

A Nijeriya kashi 29 cikin 100 ne na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Likitoci na son a yi wata shida, amma Dokar Ƙwadago makonni 12 ta ba mai haihuwa, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki, da hutun rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Jihohin Legas da Kaduna na cikin waɗanda suka mayar da hutun wata shida ga ma'aikatansu. Ga mai masana'anta ko babban kanti, keɓe ɗaki guda na shayarwa da sassauta lokacin aiki sun fi sauƙi a kan asarar ƙwararriyar ma'aikaciya da neman wata a horar.

Lissafin kuɗi

Bankin Duniya ya ba Nijeriya maki 0.36 a ma'auninsa na jarin ɗan Adam na 2020, ma'ana yaron da aka haifa a ƙasar zai samar da kashi 36 cikin 100 ne kawai na abin da zai iya samarwa da ya sami cikakkiyar lafiya da ilmi. Wani ɓangare na wannan giɓi a makon farko yake farawa, domin jaririn da ya tsira da raunin ƙwaƙwalwa saboda rashin numfashi ko shawara zai ɗauki raunin har tsufansa. Da aka koma Bogota bayan shekaru 20 aka nemo jariran da aka yi wa goyon ƙirji a wani gwaji na shekarun 1990, binciken da aka buga a 2017 ya nuna sun fi takwarorinsu halartar makaranta, kuma masu aiki daga cikinsu sun fi samun lada mai kauri.

Wa zai biya? Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun iyali yake fitowa a ranar da ciwo ya zo. Ƙaramin ɗan kasuwar da matarsa ta haifi bakwaini daga uwar kuɗinsa zai ciro na jinya. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Bugu da ƙari, hukumar USAID da ta tallafa wa shirin Sakkwato da ire-irensa, gwamnatin Amurka ta rufe ta a 2025. Duk abin da za a yi nan gaba, kaso mafi tsoka daga cikin gida zai fito.

Binciken ya riga ya nuna wa kowa inda zai sa hannu. Jihar da ke son masana'anta ta zuba jari sai ta ba da odar da za ta ɗore shekara da shekaru, ta kuma biya a kan lokaci. Mai sarrafa magani ya zaɓi mazubin da ba za a ɗauke shi a matsayin maganin ido ba, ya sa hoto da bayani cikin Hausa, da boko da ajami. Ƙungiyoyin masu kemis, waɗanda su ne wurin farko da talaka ke zuwa, su koya wa 'ya'yansu alamun da ke nuna jariri ya wuce ƙarfin shago: ƙin kama nono, da numfashi da sauri, da sanyi ko zafin jiki, da jijjiga. Mai son yin sadaka mai gudana kuma ya tambayi likitocin asibitin kafin ya saya, mai yiwuwa abin da suka fi bukata shi ne faranti mai tara hasken rana, da tukunyar oksijin, da ɗaki mai gado goma da banɗaki inda mai jego za ta kwana da ɗanta a ƙirji.

Maigidan da ke cinikin ragon suna kuwa, abin da zai kashe wajen sayen man cibiya da reza sabuwa da hula da kuɗin motar kai mai jego a duba ta a rana ta farko da ta uku bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ta ragon ba.